Alamar tambayar da aka cire daga kabarin Wilfred Owen

A maƙabartar wani ƙaramin ƙauye mai suna Ors, a arewacin Faransa, akwai farin dutse a kan kabarin Wilfred Owen, mawaƙi kuma laftana na sojan Birtaniya da aka kashe a Yaƙin Duniya na Ɗaya ranar 4 ga Nuwamba, 1918, yana da shekara 25. Kamar yadda aka yi wa iyalan sauran sojojin da suka mutu a wancan yaƙi, an ba mahaifiyarsa damar zaɓen 'yan kalmomin da za a sassaƙa a jikin dutsen, sai ta ɗauko su daga wata waƙa da ɗan nata ya rubuta. A cikin waƙar, tambayoyi mawaƙin ya jero a kan gawawwakin samari: shin rai zai sake sabunta waɗannan jikkuna, shin da gaske za a shafe dukkan mutuwa, a share dukkan hawaye? Amsar da ya sanya a bakin tsufa da bakin ƙasa ba mai sanyaya zuciya ba ce. Amma mahaifiyar tasa, Susan Owen, ta yanke ɗangon a tsakiya, ta jefar da alamar tambaya ta biyu, saboda haka abin da mai ziyara yake karantawa a yau tabbaci ne cewa lallai za a shafe dukkan mutuwa, ga haruffan sunan mawaƙin a ƙasa, kamar shi ne ya faɗa.

Ba na ganin laifin wannan uwa, kuma a matsayina na wanda ya yi imani da tashin ƙiyama, abin da ta so dutsen ya faɗa ya fi kusa da zuciyata a kan abin da ɗanta ya rubuta. Sai dai abin da ta yi wa ɗango guda shi ne abin da duniya ta daɗe tana yi wa Wilfred Owen ɗungurungum. Duk shekara idan watan Nuwamba ya kama, ana karanta baitocinsa a tarukan tunawa da mazan jiya a Ingila da murya mai taushi, tsakanin busar begila da ajiye furanni, har mai sauraro ya ɗauka mutumin ya yi waƙoƙinsa ne domin a yi jimami cikin natsuwa a watse. Ni kuwa a ganina mai ba da shaida ne a gaban alƙali, kuma tausayin da ake yawan jingina masa tuhuma ce yake ɗauke da ita.

An haife shi ranar 18 ga Maris, 1893, a garin Oswestry. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne, gidan ba na masu hali ba ne, shi ya sa da bai samu tallafin karatu ba sai ƙofar jami'a ta rufe masa. Mahaifiyarsa mai tsananin riƙon addinin Kirista ce, kuma ya yi fiye da shekara guda yana yi wa wani limamin coci hidima a ƙauyen Dunsden, kafin ya tafi birnin Bordeaux na Faransa a 1913 yana koyar da Turanci. Yana Faransa yaƙi ya ɓarke a watan Agustan 1914, kuma bai yi gaggawar komawa gida ba; sai a watan Oktoban 1915 ya shiga soja, aka ba shi anini ɗaya a rundunar Manchester a watan Yunin 1916. A farkon Janairun 1917 ya isa yankin kogin Somme, inda wata shida kafin nan, ranar 1 ga Yuli, 1916, aka kashe sojojin Birtaniya 19,240 a yini guda, jimillar asararsu ta ranar, matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, ta kai 57,470.

Wanda ya tashi da labarin yaƙin dawakai da sulke, a fita da hantsi a dawo da ganima, sai ya ajiye wannan hoton gefe. Ramuka ne aka haƙa masu zurfin da ya wuce tsayin mutum, suka miƙe daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Siwizalan, kimanin kilomita 700, rundunoni biyu suna fuskantar juna kusan shekara huɗu, tsakaninsu fili ne na taɓo da waya mai ƙaya da gawawwakin da ba wanda ya isa ya ɗauko. A cikin ramin akwai ɓeraye da ƙwarƙwata, ƙafa kuma tana ruɓewa a cikin takalmi saboda daɗewa a ruwa. Mafi yawan waɗanda aka kashe ba su taɓa ganin fuskar wanda ya kashe su ba, domin igwa ce ke aiko da mutuwa daga inda ido ba ya kaiwa.

Bai cika mako biyu a fagen daga ba aka tura shi da mutanensa su riƙe wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da Jamusawa suka haƙa suka bari, a tsakiyar wannan fili, kusa da Serre. A wasiƙar da ya aika wa mahaifiyarsa ranar 16 ga Janairu, 1917, ya ce mata shi ba a bakin daga ya kasance ba, gaba da bakin daga ya kasance. Mutum 25 ne cunkushe a ɗakin, ruwa yana hauhawa har ya haura gwiwa, Jamusawa kuma sun san suna ciki, suna ta yi musu luguden igwa. Awa 50 suka yi a haka, kuma ya gaya mata cewa saura ƙiris ya saki jiki ya bar ruwan ya shanye shi. A nan ne wani harsashi ya fashe a bakin matakala, ya wurgo yaron da ya sa gadi zuwa ƙasa.

Fiye da shekara ɗaya da rabi ya ɗauka kafin ya gama mayar da wannan lamari waƙa, wadda ya sa wa suna The Sentry, wato mai gadi, kuma ita ce nake so duk mai son sanin Owen ya fara da ita. Sun jawo yaron daga taɓo suna zaton gawa ce, sai ya fashe da kuka yana cewa, yallaɓai, idona, na makance, na makance. Hafsan ya kunna wuta ya kara ta kusa da fatar idonsa, yana lallashinsa cewa in dai yana ganin ko da dishi-dishin haske ne to bai makance ba, a hankali zai warke. Yaron ya ce ba ya gani. Daga nan sai mawaƙin ya faɗi abin da maroƙin jarumai ba zai taɓa faɗa ba: ya ce ya manta da yaron a wurin, saboda hankalinsa ya koma kan sa wani gadi da aika ɗan saƙo ya roƙo abin ɗaukar majinyaci. Can cikin dare suka ji makahon yana ihu cewa yana ganin fitilunsu, alhali fitilun nasu sun daɗe da mutuwa. Mutumin da ya rubuta cewa ya manta bai zo wanke kansa ba, kuma wannan ne ya sa nake gaskata shi idan ya juya yana nuna wasu da yatsa.

A watan Afrilun 1917, kusa da Savy, harsashin igwa ya yi sama da shi, ya kuma yi kwanaki a wani rami dab da ragowar jikin wani hafsa abokin aikinsa. Da aka lura jikinsa yana rawa kuma tunaninsa ya rikice, sai aka tura shi asibitin Craiglockhart da ke Edinburgh a watan Yuni. Wannan ciwo na firgita, mai zuwa da in'ina da karkarwa da mugun mafarki, manyan soja da yawa ragwanci suke ɗaukarsa, kuma a wancan yaƙi Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifukan da suka haɗa da tsoro da gudu daga fagen daga, ba a yi musu afuwa ba sai a 2006. Owen ya yi sa'a. Likitansa, Arthur Brock, ya yi imani cewa aiki ne magani, ya sa shi rubutu da tace mujallar asibitin. A can kuma ya haɗu da Siegfried Sassoon, mawaƙi kuma hafsa mai lambar jarumta wanda ya rubuta sanarwar ƙin ci gaba da yaƙin har aka karanta ta a majalisar dokoki a watan Yulin 1917, hukuma kuma ta gwammace ta ce ba shi da lafiya a kan ta gurfanar da shi. Kafin wannan haɗuwa Owen yana kwaikwayon salon John Keats ne, waƙa mai ado da zaƙin kalma. Sassoon ne ya nuna masa cewa abin da ya gani da idonsa ya isa jigo, kuma maganar da sojoji ke yi a rami ta isa harshen waƙa. Kusan duk waƙoƙin da aka san shi da su a yau, a cikin 'yan watannin da suka rage masa bayan nan ya rubuta su.

Wadda ta fi shahara a cikinsu sunanta da Latin ne, Dulce et Decorum Est, kuma ya fara tsara ta a asibitin a watan Oktoban 1917. Da mutane masu barin fagen daga ta buɗe, sun ranƙwafa kamar tsofaffin mabarata ɗauke da buhu, suna tari kamar gyatumai, wasu takalmansu sun salwanta suna takawa da jini a madadin takalmi, wasu suna tafe suna barci. Sai ihu ya tashi cewa ga iskar guba, kowa ya shiga kici-kicin ɗaura takunkumi, aka ɗaura da ƙyar, amma mutum ɗaya bai samu ya ɗaura ba. Ta gilashin takunkuminsa mai hazo mawaƙin ya hango shi cikin wani koren haske, kamar mai nutsewa a ƙarƙashin koren teku. Kwatancin ba ado ba ne, domin irin wannan iska tana ƙona huhu ne har ya cika da ruwa, mutum ya nutse yana kan tudu. Jamusawa ne suka fara sakin iskar kulorin da yawa a Ypres ranar 22 ga Afrilu, 1915, Birtaniya kuma ta rama da irinta a Loos a watan Satumba na wannan shekara, don haka babu ɓangaren da hannunsa ya fita da tsabta.

Abin da ya sa waƙar ta zama tuhuma shi ne yadda take sauya wanda ake magana da shi. Da farko mu ne, sojoji a taro. Daga nan ni ne, mutum ɗaya da yake cewa a dukkan mafarkinsa mutumin nan yana afko masa yana shaƙewa, shi kuma ba abin da zai iya yi. A baiti na ƙarshe sai ta juyo kan kai. Da za ka bi bayan amalanken da muka jefa shi a ciki, in ji shi, ka ga fararen idanunsa suna murɗawa, ka ji jini yana ƙwarara daga huhun da kumfa ta lalata duk sanda amalanken ya faɗa gargada, to abokina da ba ka gaya wa yara masu ƙishin suna tsohuwar ƙaryar nan da irin wannan zumuɗi ba, cewa abu ne mai daɗi kuma mai dacewa mutum ya mutu domin ƙasarsa. A lura da kalmar da ya zaɓa: bai ce sun kwantar da shi ba, cewa ya yi sun jefa shi, kuma bai fitar da kansa daga cikin masu jefawar ba.

Wannan aboki yana da suna a rubutun farko. Owen ya fara sadaukar da waƙar ne ga Jessie Pope, marubuciyar da jaridar Daily Mail ke buga waƙoƙinta na zuga samari, wadda ta kwatanta yaƙin da wasa mafi girma, har tana tambaya wa zai gwammace ya dawo da sandar guragu a kan ya laɓe a gida a yi nishaɗi ba shi. Ingiza mai kantu ruwa ke nan, daga wadda take tsaye a kan tudu. Daga baya ya cire sunanta, kuma ya yi daidai, domin da ya bar shi da kowa ya ɗora wa mace ɗaya laifin ya kakkaɓe rigarsa. Ita kanta ƙaryar ta girmi Pope da kusan shekara 2,000: mawaƙin Rum Horace ne ya rubuta ɗangon da Latin, wanda kalmominsa na farko su ne sunan waƙar Owen, shi da ya amsa da bakinsa a wata waƙar cewa a yaƙin Philippi ya yar da garkuwarsa ya yi ta kansa. A 1913, saura shekara guda yaƙi ya ɓarke, aka rubuta kalmomin a bangon cocin makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst, inda daga baya wasu daga cikin hafsoshin Najeriya na farko suka yi horo.

Ba kowa ne ya karɓi wannan salo ba, kuma mafi girman masu sukarsa ba ƙaramin mutum ba ne. A 1936, da aka ba W. B. Yeats, mawaƙin Ayalan mai lambar Nobel, aikin tattara waƙoƙin zamani a kundin Oxford, ya bar Owen a waje da gangan, yana mai cewa wahalar da mutum ya zauna yana sha ba tare da ya motsa ba ba jigon waƙa ba ce. Bai kamata a yi watsi da wannan magana da sauri ba. Bahaushe ma zai iya tambaya, mene ne amfanin waƙar da ba ta ƙara wa namiji ƙarfin zuciya? Akwai kuma wani haɗari a cikin tausayi, domin wanda ake tausaya wa yakan ƙanƙance a idon mai tausayin har ya koma abin kallo, kuma ga Owen da kansa ya buɗe wata waƙar da tambayar wace ƙararrawar jana'iza za a kaɗa wa waɗanda ke mutuwa kamar shanu.

Duk da haka ina ganin Yeats ya yi kuskure, ta fuska biyu. Rashin motsin da yake ƙorafi a kai ba Owen ne ya ƙirƙira shi ba, siffar yaƙin ce. A waƙarsa ta daren hunturu, inda sojoji ke kwance a fili ƙanƙara tana cin su, sau huɗu yana maimaita cewa amma ba abin da ke faruwa, kuma wanda zai rubuta sukuwa da karon takubba a kan irin wannan dare maƙaryaci ne komai daɗin muryarsa. Sa'annan tausayin nasa ba na zaman makoki ba ne. A gabatarwar da ya tsara a 1918 domin littafin da bai rayu ya ga fitowarsa ba, ya ce jigonsa yaƙi ne da abin tausayin da ke cikin yaƙi, kuma waƙar tana cikin tausayin. Waɗannan kalmomi aka sassaƙa a dutsen tunawa da mawaƙan yaƙin su 16 a cocin Westminster a 1985. Abin da ba a sassaƙa ba shi ne abin da ya biyo baya a wannan takarda, inda ya ce waƙoƙin nan ba ta'aziyya ba ce ga mutanen zamaninsa ta kowace fuska, kuma abin da mawaƙi zai iya yi a yau gargaɗi ne kawai, shi ya sa dole mawaƙan gaskiya su faɗi gaskiya. A nan ma an ɗauki rabin da ke sanyaya rai an bar ɗayan.

Kalmar gargaɗi ce take kusantar da shi ga kunnenmu. Waƙar da muka gada a kan yaƙi mafi yawanta zuga ce da kirari, aikin makaɗa da maroƙa ne su tuna wa namiji sunan ubansa har ya ji kunyar juyawa, kuma a wannan ma'auni Owen baƙo ne. Amma muna da wata hanyar, ta waƙoƙin wa'azi, inda malami yake kai mai sauraro har bakin kabari, ya nuna masa likkafani da ƙunci da abin da jiki zai koma, ba don ya ji daɗin tsoratarwa ba sai don gafalalle ya farka. Owen, wanda ya tashi a gidan addini ya kuma yi hidimar coci, wannan dabarar ya ɗauka, sai dai gafalallen da yake kaiwa bakin rami shi ne dattijon da ke zaune a Landan yana karanta jarida. Ya ma ɗauki ƙissar da mu muke tunawa da ita duk Babbar Sallah, kamar yadda ta zo a Baibul da sunan Ishaƙu, ya gina misali a kanta. A ƙissar da muka sani an yi biyayya, an fanshi yaro da rago. A misalin Owen, wanda shugabannin Turai yake nufi da tsohon, mala'ika ya yi kira cewa kada a taɓa yaron, ga ragon girman kai can a yanka shi a madadinsa, amma tsohon ya ƙi, ya yanka ɗansa, ya kuma bi rabin zuriyar Turai ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa riƙe ƙafar ragon layya ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan.

Hatta amsa-amonsa ya karkatar da shi domin ya dace da abin da yake faɗa. Maimakon ƙafiyar da kunne ke jira, sai ya haɗa kalmomin da baƙaƙensu ɗaya ne amma wasulansu sun saɓa, kamar a ce kura da kara, ko rami da romo, ta yadda kowane ɗango zai sauka kusa da inda aka zata amma ba daidai ba, a bar mai sauraro da jin cewa wani abu ya goce. Da wannan salo ya rubuta waƙar da soja ya tsinci kansa a wani dogon rami a lahira, wani mamaci ya tashi ya daɗe yana yi masa magana a kan shekarun da aka katse, a ƙarshe ya ce masa, ni ne abokin gaban da ka kashe, abokina.

Masana tarihi suna da nasu ƙorafin, kuma ya fi na Yeats nauyi. Sun ce Owen murya ɗaya ce a cikin miliyoyi, sojoji da yawa sun yi imani da dalilin yaƙinsu har ƙarshe, Jamus kuma da gaske ta mamaye Beljiyam, sa'annan waƙoƙinsa biyar kacal aka buga yana raye, shahararsa ta gaske ba ta zo ba sai bayan da mai tsara kiɗa Benjamin Britten ya saka baitocinsa a kiɗan da aka gabatar a cocin Coventry a 1962. Duk wannan haka yake, kuma wanda ya ɗauki waƙa a matsayin littafin tarihi ya zalunci waƙar da tarihin. Sai dai kada a manta cewa mutumin nan ba gudu ya yi ba. Ya koma Faransa a ƙarshen Agustan 1918, kuma a farkon Oktoba, a Joncourt, ya ƙwace mashinga daga hannun Jamusawa ya juya ta kansu, abin da ya jawo masa lambar jarumta ta Military Cross. A kwanakin nan ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa ya dawo ne domin ya taimaki yaran nan, ta hanyar jagorantarsu gwargwadon iyawar hafsa, da kuma kallon wahalarsu domin ya yi magana a madadinsu kamar mai roƙa wa wani a gaban shari'a. Ga Sassoon kuwa ya rubuta abin da ba a gaya wa uwa: cewa jinsa ya ƙone, har ba ya cire sigari daga bakinsa idan yana rubuta kalmar marigayi a kan wasiƙun da suka zo wa matattu.

Saboda haka ban yarda a mayar da shi tutar masu cewa kada a taɓa ɗaukar makami ba. Ɗangon Horace kalma biyu ya ƙunsa, daɗi da dacewa, kuma Owen duka biyun ya kira ƙarya. Zan iya jayayya da shi a kan ta biyu, domin akwai ranar da ake zuwa wa mutum har ƙofar gida, kuma wanda ya tsaya a wannan rana ya yi abin da ya dace. A kan ta farko kuwa babu jayayya. Duk wanda zai tura ɗan wani inda ake mutuwa, mafi ƙarancin haƙƙin da ke kansa shi ne kada ya shafa wa abin zuma, kuma ya san yadda amalanken ke tafiya kafin ya buɗe baki.

Shaidar tasa tana da iyaka, kuma iyakar ta shafe mu. Ya yi wa mata da sauran mutanen gida kuɗin goro a wasu waƙoƙin, kamar ba su ne ke karɓar labarin mutuwa ba. Tausayinsa kuma ya ƙetare waya mai ƙaya ya kai ga Bajamushe, amma bai ƙetare teku ba. Cikin waɗanda iskar Ypres ta fara shaƙewa akwai sojojin Aljeriya da ke yi wa Faransa yaƙi. A watan da igwa ta yi sama da Owen, Afrilun 1917, sojojin da Faransa ta kwaso daga Afirka ta Yamma suna zubewa cikin sanyi a Chemin des Dames. Rundunar Najeriya, wadda Hausa ce harshen ba da umarni a cikinta, ta yi yaƙi a Kamaru, a Garwa da Mora, har zuwa Fabrairun 1916, daga nan aka tsallaka da ita Afirka ta Gabas, inda cuta da yunwa suka yi ta cin 'yan dako. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe rainon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a wancan yaƙi, galibinsu 'yan Afirka, ba a tuna da su da sunansu ba, wasu ma ba a tuna da su ko kaɗan ba. Owen yana da dutse, ko da an gyara masa magana a jikinsa. Waɗannan ba a bar musu inda za a gyara ba, kuma abin da suka gani da idonsu mafi yawansa ya tafi tare da su.

Wasiƙarsa ta ƙarshe ya rubuta ta ne ranar 31 ga Oktoba, 1918, a ɗakin ƙasa na gidan wani mai kula da daji kusa da Ors. Ya kwatanta wa mahaifiyarsa hayaƙin da ya cika ɗakin har da ƙyar yake gani da hasken kyandir, da cunkoson da ya sa ake ta bugun gwiwar hannunsa yana rubutu, da wani tsohon soja mai gashin baki yana fere dankali yana jefawa a tukunya. Ya ce mata ba za a taɓa kawo mata baƙi masu kirki kamar waɗanda ke kewaye da shi ba. Mutumin da ya ce dole mawaƙi ya faɗi gaskiya, da ya zo kan uwarsa shi ma sai ya sassauta: ya ce mata babu haɗari a inda yake, in ma akwai, zai wuce kafin ta karanta waɗannan layuka. Kwana huɗu bayan nan, da asuba, rundunarsa ta yi yunƙurin ƙetare mashigin ruwan Sambre ƙarƙashin ruwan harsasai, kuma a bakin ruwan aka harbe shi. Wayar tangarahon ta isa gidansu a Shrewsbury ranar 11 ga Nuwamba, ƙararrawar coci-cocin garin tana ta kaɗawa saboda an tsagaita wuta.